Yadda na cire kabad ɗin saman kicin na kafa kantoci da kuɗi kaɗan

Kicin ɗin ƙarami ne, tsawonsa mita 3, faɗinsa mita 2 da ɗoriya, a gidan bulo irin waɗanda suka cika unguwannin Kano. Kabad ɗin sama guda biyar ne, an yi su da allon garin katako da ake matsewa da gam, wanda kafintoci ke kira MDF. Biyun da ke saman wurin wanke-wanke sun sha tururi sun kumbura, gindinsu ya yi laushi kamar burodin da ya jiƙe. Ƙofofi uku sun saki, domin zaren sukuru ba ya kama allon da ya riga ya fashe daga ciki, ko sau nawa aka ɗaure shi. Irin wannan allo ba ya gyaruwa. Da zarar ruwa ya shige shi ya buɗe, ya buɗe ke nan, ko an shanya shi ba zai koma yadda yake ba.

Sabon kabad kuɗi ne mai yawa, saboda ƙofofi da hinjis da mariƙai da aikin kafinta su ne ke cinye kuɗin. Kanta kuwa katako ne da ƙarfe da sukuru. Shi ya sa na bar kabad ɗin ƙasa yadda suke, tunda lafiyarsu ƙalau kuma su ne ke ɓoye tukwane da kayan abinci, na cire na sama kaɗai. Kanta dai ba baƙuwa ba ce a gidan Bahaushe, a kanta iyayenmu mata suka yi jeren samira da tangaran tun kafin a san kabad. Bambancin shi ne ta kicin tana ɗaukar nauyi kullum, tana shan zafi da maiƙo.

Kafin taɓa guduma sai da na yi awo. Saman teburin girki yana santimita 90 daga ƙasa. Na sa kanta ta farko santimita 48 sama da shi, yadda bilanda da kula mai tsayi za su shiga ƙarƙashinta, ta biyu kuma santimita 35 sama da ta farko. Da haka kanta ta sama ba ta wuce inda hannun mace mai matsakaicin tsayi zai kai ba tare da hawa kujera ba. Zurfin kanta santimita 28, domin babban farantin cin abinci yakan kai santimita 27. Wanda ya yi kanta mai zurfin 20 don tsimin katako zai ga bakin faranti a waje. A dogon bango kantoci biyu masu tsawon santimita 240, a gajeren bango biyu masu 110. Saman murhun gas ban sa komai ba. Katako a saman wuta kasada ne, kuma duk abin da aka ɗora a wurin cikin mako biyu zai yi danƙo.

Waɗannan lambobi ba haka kawai na zaɓe su ba. Falankin kasuwa ƙafa 12 ne, wato kusan santimita 366. Idan aka haɗa 240 da 110 an sami 350, saura 16 da za a datse a bakuna biyu inda katako ya saba tsagewa. Ke nan falanki ɗaya yana ba da doguwar kanta da gajeriya, falanki biyu sun gama aikin. Na sayi uku, na ukun don kada a rasa abin musanya idan ɗaya ya kantare, kuma daga jikinsa aka tsago siraran katakon da aka yi wa kantocin baki.

Katako shi ne abin da ya kamata a fara saya, tun kafin a cire kabad, saboda yana buƙatar lokaci. A 'Yan Katako ta Na'ibawa ana samun iri-iri, amma yawancinsa daga kudu ake kawo shi da sauran ruwa a jikinsa. Idan ya iso ƙasa mai bushewa irin tamu, musamman da hunturu, sai ya tsuke ta faɗi, ya lanƙwashe kamar kwami, wani ya murɗe. Farin katako mara nauyi, wanda ake kira obece, ya fi araha amma yana da laushi kuma ƙwari na son sa. Loko da maɗaci sun fi ƙarfi, gara ba ta cika damun loko ba, sai dai tsada. Malaina tana tsakiya: ba ta da nauyi sosai, ba ta cika motsi ba idan ta bushe, kuma ita na ɗauka. Wajen zaɓe, a ɗaga falanki a sa ido a bakinsa a hango tsawonsa kamar mai saitin bindiga. Wanda ya lanƙwashe a bar shi. Wanda ke da ƙananan huji da gari-gari a bakinsu, ƙwari na ciki, a bar shi. Wanda ya fi 'yan uwansa nauyi da sanyi a hannu, ɗanye ne. A kuma tafi da abin awo, don abin da ake kira inci 12 sau da yawa inci 11 ne da ɗan kai.

Na jera falankan a inuwa, a ƙarƙashin rumfa, na ɗaga su daga ƙasa a kan bulo, na sa ƙananan sanduna tsakaninsu a kowane santimita 50 don iska ta ratsa, na danne sama da bulo huɗu. Bakunan na shafa musu ragowar fenti, saboda ta baki ruwa ke fita da sauri, shi ke kawo tsagewa. Mako huɗu suka yi. Kada a shanya katako a rana da niyyar gaggawa, gefen da rana ta bugo zai bushe ya bar ɗayan, sai ya kantare a kwana biyu. Bayan ya bushe aka kai shi inji aka kankare fuska biyu, kaurinsa ya dawo milimita 22. Idan aka kankare tun yana ɗanye, zai sake motsawa bayan an gama, aikin ya zama na banza.

Wanda ba ya son jira zai iya ɗaukar filawud mai kaurin milimita 18. Allo ɗaya ƙafa 4 ne a faɗi, ƙafa 8 a tsawo, kuma idan aka tsaga shi ta tsawo yana ba da kantoci huɗu masu zurfin santimita 28. Sai dai dole a rufe bakinsa da siririn katako, kuma a matso da ƙarafan da za su riƙe shi kusa da juna. MDF kam ban ba kowa shawara ba, ciwon da aka gudo ne za a koma wa.

Ranar cire kabad na kashe wutar gidan daga babban makunni, na kuma kashe inbata, domin mutane na mantawa cewa soket ɗin kicin na iya zama da wuta ko an ɗauke ta gari. Tukunyar gas na fitar waje. Teburin girki na rufe shi da kwali da tsohon bargo. Aka kwashe kaya, aka kwance ƙofofi tukuna, saboda suna da nauyi, kuma suna buɗewa su bugi fuska idan aka sauko da kabad da su. Sannan aka cire sukurorin da suka haɗa kabad da ɗan uwansa ta gefe. Wannan aiki na mutum biyu ne. Ɗaya ya tallafe, ko a tokare gindin kabad da katako daga kan tebur, ɗaya ya kwance sukurorin bango na ƙasa, ya bar na sama su zama na ƙarshe. Uku daga cikin nawa da ƙusar kankare aka buga su, babu abin kwancewa. Irin wannan sai a sa ƙarfen ɓanɓara ta baya, a sa guntun katako tsakaninsa da bango don kada ya farfasa filasta, a riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan daga kusurwa zuwa kusurwa. Ƙusar da ta ƙi fita a yanke ta da injin yankan ƙarfe daidai fuskar bango. Jijjiga ta da ƙarfi yana fito da filasta mai faɗin tafin hannu.

Abin da ke bayan kabad ba ya da kyan gani: bangon da ba a taɓa yi wa fenti ba, tayil da ya tsaya daidai gindin kabad, layin maiƙo baƙi, da ƙwayayen kyankyaso jere a kusurwa kamar jan wake. A kankare su a ƙona, domin maganin feshi ba ya ratsa ɓawonsu. Na wanke bangon da ruwan zafi da garin sabulu sau biyu, na ɗauraye, na bar shi ya bushe kwana ɗaya. Fenti ba ya zama a kan maiƙo, zai yi kamar ya kama, bayan wata guda ya fara ɓarewa. Tsoffin allunan da suka kumbura a zubar, kada a sa su a murhu, gam ɗin da ke cikinsu hayaƙinsa ba shi da kyau ga ƙirji. Hinjis da mariƙai da allunan da ba su jiƙe ba na ajiye, sun yi amfani wajen gyaran kabad ɗin ƙasa.

Yanzu aka zo inda aikin yake, wato bango. Kabad akwati ne, yana kwanciya a jikin bango da duk bayansa, nauyinsa yawanci ƙasa yake ja. Kanta kuwa hannu ce da aka miƙa, nauyin da ke kanta yana ƙoƙarin fizgo sukurun sama waje. Lissafin ba shi da wuya. A ce baraket ɗaya, wato ƙarfen nan mai kusurwa da kanta ke zama a kai, yana ɗauke da kilo 20, kuma tsakiyar nauyin tana santimita 15 daga bango. Idan daga sukurun sama zuwa gindin baraket santimita 20 ne, abin da ke jan sukurun waje kilo 15 ne. Idan ƙafar baraket gajera ce, santimita 10, jan ya zama kilo 30. Wannan ne dalilin da ƙananan baraket ɗin kanti masu kyan gani ke fizgewa daga bango, kuma shi ya sa irin kantar nan da ake ɓoye ƙarfenta a cikin katako, wadda ake gani a hotunan Instagram, ba ta dace da bulon kasuwa ba. Nauyin kayan kicin ma ya fi yadda ake zato. Farantan tangaran goma sha biyu sun kai kilo 8, galan ɗin man gyaɗa mai lita 5 ya haura kilo 4 da rabi.

Bulonmu kuma rami ne a ciki. Tsawonsa santimita 45, yana da ramuka biyu, naman da ke tsakanin fuska da rami bai wuce santimita 4 zuwa 5 ba, a bulon inci 6 ma bai kai na inci 9 ba. A kan wannan akwai filasta, wadda ba a lissafa ta cikin abin da ke riƙe nauyi. Ga shi masu buga bulo da yawa suna tsimin siminti, har a sami wanda ake murje shi da yatsa. Don haka kafin na yanke shawarar yadda zan kafa ƙarfe, na yi hujin gwaji da bakin huda mai milimita 6 a wurare shida da kanta za ta rufe. Hannu ne ke gaya wa mutum gaskiya. Idan dirila ta yi ta cin abu mai tauri har santimita 7 ko 8, an dace da tsakiyar bulo ko layin siminti. Idan ta ci kaɗan sannan ta faɗa, rami ne. Idan garin da ke fitowa ja-ja ne mai yashi kuma hujin yana faɗaɗa da kansa, bulon ba shi da ƙarfi. A bangon nan, layin simintin da ke tsakanin sahu da sahu ya fi bulon kansa ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma yakan dawo kusan kowane santimita 25 a tsaye. Na ɗan gyara tsayin kanta ta farko da santimita 2 don sukurorin sama su faɗa cikinsa.

Kafin kowane huji a dubi soket da makunni. Bututun wayar wuta yakan tashi a miƙe sama ko ƙasa daga gare su, wani lokaci ya bi ta gefe zuwa soket na gaba. Na ja layin alli mai faɗin tafin hannu a saman kowane soket, na haramta wa kaina huda cikinsa. Haka saman famfo. Idan ana cikin huda aka ga gari fari ko na roba mai launi ya fito, a tsaya nan take, alama ce an taɓa bututu.

Baraket ɗin mai walda ya yi mini su, da ƙarfen angul, wato dogon ƙarfe mai siffar L, mai faɗin milimita 30 da kaurin 3, wanda na sayo a Ƙofar Ruwa. Guda 12: huɗu-huɗu a dogayen kantoci, biyu-biyu a gajeru. Ƙafar da ke bin bango santimita 25, hannun da ke ɗaukar katako 25, da ɗan rodi mai milimita 10 da aka gicciya a kusurwa ya tokare su. Tokaren gajere ne, santimita 18, don kada ya tare wurin kwanuka. Ƙarfen angul ɗin da ya tafi mita 6 ne cif, ban da abin da yanka ya ci, saboda haka sanda ɗaya ba ta isa ba, sai da aka ƙara guntu. Abubuwa uku na nanata wa mai walda. Na farko, ya gwada kowane ɗaya da sukwaya, wato ma'aunin kusurwa, bayan ya huce, domin walda na jan ƙarfe idan tana sanyi, kusurwar sai ta tsuke ko ta buɗe. Biyu daga ciki sai da aka sake bugawa. Na biyu, hujin sama ya kasance kusa da kusurwa sosai, na ƙasa kusa da gindi. Na uku, hujin da za a ɗaure katako da shi ta gaba ya zama dogo kamar ƙwayar wake, ba zagaye ba, don katako ya sami wurin motsi tsakanin damina da rani. Falanki mai faɗin santimita 28 yana iya ƙaruwa ko raguwa da 'yan milimitoci, idan aka ɗaure shi ƙam ta gaba da baya sai ya tsage ta tsakiya. Da suka iso na goge su da burushin ƙarfe, na shafa jan fentin hana tsatsa, sannan baƙin fenti mai mai sau biyu.

Tazara tsakanin baraket da baraket santimita 70, da rarar 15 a kowane baki na doguwar kanta, 20 a gajeriya. Nan ne mutane ke son rage kuɗi, kuma nan ne bai kamata ba. Idan aka ninka tazarar sau biyu, kaya iri ɗaya jere a kai, lotsawar katako ba sau biyu take ƙaruwa ba, sau goma sha shida ne. Kauri kuma akasin haka: katakon da ya ninka wani kauri ya fi shi ƙin lotsawa sau takwas. Ga filawud mai milimita 18 kada a wuce santimita 60.

Layin kanta da lebul na ja shi, wato ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a ciki. Kada a auna daga ƙasa ko daga silin ko daga tebur, babu ɗayansu da za a rantse a kan daidaitonsa. A dogon bango tiyo mai haske da aka cika da ruwa ya fi ɗan gajeren lebul gaskiya, domin ruwa a bakuna biyu dole ya tsaya daidai. Na kafa baraket na farko da na ƙarshe, na ja zare tsakaninsu, na tsakiya suka bi zaren. Kowane ɗaya sukurun sama na fara sawa, na daidaita tsayuwarsa, sannan na yi alamar hujin ƙasa ta cikin ƙarfen.

Inda bango ke da ƙarfi na yi amfani da fisha, robar nan da ake cusawa a huji, mai milimita 10, da sukuru mai kan sifana mai kaurin 7 da tsawon santimita 8. Ƙa'idar ita ce bakin huda ya zo daidai da lambar fisha, hujin ya fi fisha zurfi da santimita 1, sukurun kuma ya ratsa fisha har ya ɗan leƙa ta ƙarshenta, in ba haka ba ba za ta buɗe ta kama ba. A busa ƙurar hujin da ɗan tiyo kafin a sa fisha, ido a rufe. A bulo mara ƙarfi a kashe bugun dirila, a bar ta tana juyawa kawai, saboda bugun yana fasa naman bulo ta ciki ya bar rabin abin da za a kama. Inda huji ya faɗa kan tayil, a manna salatif a wurin don kada baki ya zame, a huda a hankali ba bugu, a kuma tura fisha ta wuce kaurin tayil ɗin, in ba haka ba idan ta buɗe za ta tsaga shi. Noti mai buɗewa na ƙarfe, wanda ake sa wa kankare, bai dace da bulo mai rami ba, ƙarfinsa fasa shi yake yi.

Wurare uku bulon ya ƙi. Can na koma hanyar birkiloli: na sassaƙe rami mai faɗin santimita 10 kowane gefe har cikin ramin bulo, na cusa takardar buhun siminti ƙasa don ta tare, na jiƙa wurin sosai, na cika da kwaɓin siminti ɗaya yashi uku, na danna shi da sanda har ya cika ko'ina. Kwana bakwai ina yayyafa masa ruwa safe da yamma, sannan na huda na sa fisha. Jiƙa ramin kafin zuba kwaɓi wajibi ne, busasshen bulo yana tsotse ruwan siminti ya bar shi gari. Abin da kafintoci suka saba yi, cusa guntun katako ko tsinken ashana a hujin da ya yi faɗi, yana riƙewa ranar da aka yi, amma idan hunturu ya busar da katakon sai ya tsuke ya zare. Wanda bayan bangonsa sito ne yana da hanya mafi ƙarfi: ya huda har waje, ya zura rodi mai zare, ya ɗaure ta baya da faffaɗan washa.

Tsoffin ramukan kabad na cike su da irin wannan kwaɓin, na bi da farin filan bango, na goge, na yi fenti mai sheƙi wanda ake iya wankewa. Facin siminti a ba shi aƙalla mako biyu kafin fenti mai mai, ɗanyen siminti yana cin sa ya bar tabo. Fentin kafin a ɗaura baraket ake yin sa, an dai riga an huda ramukan.

Katakon na goge da sanfefa lamba 80, sai 120, sai 180, wato daga mai kaushi zuwa mai laushi, kullum ta bin tsawonsa. Gogewa a gicciye tana barin zane wanda ba a gani sai an shafa banish. Bakin gaba na manna masa siririn katako mai tsayin santimita 4 da gam da ƙananan ƙusoshi, ya ɗago santimita 1 sama da fuskar kanta. Yana hana kofi zamewa, yana kuma ƙara wa kantar ƙarfi. Banish sau uku, na farko an tsinka shi da ɗan tinna don ya shiga jiki, kwana ɗaya tsakanin kowane shafi, da ɗan shafar sanfefa 240 a tsakani. A shafe duk fuskoki shida, har ƙasa da baya da bakuna. Idan aka shafa sama kaɗai, ƙasa za ta riƙa shan tururin tukunya ita kaɗai, katakon ya lanƙwashe. Da hunturu a yi wannan a ɗaki rufe, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Baƙin man mota da ake shafa wa katakon rufi saboda gara ba shi da wuri a inda ake ajiye abinci.

Wajen ɗorawa na dubi zoben shekarun bishiya da ke bakin falanki. Gefen da ya fuskanci zuciyar bishiya shi na sa sama, domin idan katako ya ƙara bushewa gefunansa suna karkata zuwa ɓangaren ɓawo, ke nan za su danna ƙarfe maimakon su ɗaga. Na bar tazarar santimita 1 tsakanin kanta da bango. Kyankyaso matsattsen wuri yake so, tazarar da tsumma ke shiga ba ta yi masa ba. Bangon ba a miƙe yake ba, baraket biyu sun ɗan sunkuya gaba, sai na sa washa ɗaya a bayan gindinsu suka ɗago. Gara kanta ta ɗan karkata baya da milimita 2 da ta karkata gaba. Sukurun katako mai tsawon milimita 20 na sa ta ƙasa, bayan na yi masa ɗan huji siriri, biyu a kowane baraket, na gaba ban matse shi sosai ba.

Kafin tangaran ya hau, ruwa ya fara hawa. Jakar fiya wata mai ƙulli 20 kilo 10 ce, ba sai an nemi sikeli ba. Na ɗora jaka huɗu a kowace doguwar kanta, biyu a gajeriya, na ja layin fensir a bango daidai saman kowane baraket, na bar su kwana. Da safe goma sha ɗaya ba su motsa ba. Ɗaya ya buɗe daga bango har kati na shiga bayansa. Da na kwance sai na ga hujin ya faɗa gefen layin siminti, rabinsa a siminti rabinsa a bulo, bakin huda ya zame zuwa ɓangaren mai laushi ya faɗaɗa shi. Shi ma aka yi masa facin siminti, aka ƙara mako guda. Gaba ɗaya aikin hannu bai wuce kwana biyar ba, amma da jiran katako da siminti da banish ya ci mako bakwai.

Abin da ya tafi: falanki uku, ƙarfen angul mita 6 da ɗoriya, rodi mita 2 da rabi, fisha da sukurun bango 30, sukurun katako 30, banish lita 1, tinna, ƙaramin gwangwanin jan fenti da na baƙi, fentin bango lita 4, siminti kwano biyu, sanfefa, gam. Dirila aro ce. Wanda ke gidan haya ya nemi izinin mai gida kafin ya cire kabad, ko da ruɓaɓɓe ne.

Sai maganar ƙura, wadda duk mai son kanta a Arewa ya kamata ya ji ta tun da wuri. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu babu abin da za a ajiye a buɗe ya kwana biyu bai yi fari ba, kuma idan ƙurar ta haɗu da hayaƙin suya sai ta zama danƙo. Abin da ya yi aiki shi ne rarraba kaya bisa yadda ake taɓa su. Kanta ta ƙasa ta ɗauki abin da ake wankewa kullum, faranti da kofuna a kife, waɗanda ƙura ba ta samun lokacin zama a kansu. Ta sama ta ɗauki abin da ke da murfi: kuloli, robobin gari da sukari, kwalaben kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa. Yaji da mai na nisanta su daga taga, haske da zafi suna kashe musu ƙamshi. Tangaran ɗin baƙi da ake fitarwa sallah-sallah ya koma kabad ɗin ƙasa. Abu mai nauyi a ɗora shi daidai saman baraket, kusa da bango. Ana goge kantocin sau ɗaya a mako da tsumma mai ɗan danshi, da hunturu sau biyu.

Bayan hunturu na farko na bi sukurorin katako ɗaya bayan ɗaya, kusan duka sun ɗan saki saboda katakon ya ƙara tsukewa, kowanne ya karɓi rubu'in juyi. Na bango kuwa na gwada su da sifana, babu wanda ya juya, layukan fensir ɗin ma suna nan daidai inda aka ja su.